Wuta ta tsaya saura shago uku ta iso namu, Baba ya ce in bar wa Allah

Kawu, assalamu alaikum. Shekarata 34, ina tsaye a shagon mahaifina a wajen Terminus nan Jos, muna sayar da atamfa da shadda da leshi. Baba yana cikin waɗanda gobarar babbar kasuwa ta cinye wa komai a 2002, lokacin ina firamare, kuma da ƙyar ya sake miƙewa. Wata biyu da suka wuce wuta ta tashi a layinmu cikin dare, aka shawo kanta saura shago uku ta iso namu. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Dukiyarmu kaf tana cikin ɗakin nan guda, har da abin da na zuba na kaina. Bashin da muke bi da wanda ake bin mu, rabi yana cikin wani littafi a durowar shago, rabi yana kan Baba. Na ce masa mu raba kayan gida biyu, mu shiga inshora, sai ya ce imanina ne ya yi rauni, abin da Allah ya rubuta ba makawa, har ya yi kwana biyu ba ya kula ni. Maiɗakina kuma ta ce in zare rabona mu koma Abuja wurin yayanta in kama shago a can. Ba na so in saɓa wa Baba, ba na kuma so 'ya'yana su ga abin da na gani. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa maƙwabtanku da mafi alheri.

Tsoron da kake ji ba raunin imani ba ne, wannan ka cire shi daga ranka tun yanzu. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kai kuwa shago uku ne tsakaninka da gemun da ya kama. Duk wanda ya taso a Jos yana da hujjar yin lissafin da kake yi. A kan idona aka yi rikicin Satumba na 2001, babbar kasuwa ta ƙone a Fabrairun 2002, rikicin Nuwamba na 2008 ya lashe kasuwar Katako, aka sake wani a Janairun 2010, bama-baman 20 ga Mayun 2014 suka kashe mutum fiye da ɗari a nan bakin Terminus ɗin da kuke. Ga kullen korona a 2020, ga dokar hana fita ta awa 24 a Agustan 2024. Kasuwar da aka buɗe a 1985 ana alfahari da ita a duk Afirka ta Yamma, ga kangonta nan fiye da shekara 20, kullum ta gefensa kake wucewa. Ina roƙon Allah kada a sake, amma ba zan ce maka ka gina rayuwar 'ya'yanka a kan cewa ba za a sake ba.

Bari in fara sallamar maganar Abuja, ita ce mai sauƙi. Maiɗakinka ba ta yi laifi ba, uwa ce, 'ya'yanta take dubawa. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abujar nan an tayar da bam a tashar Nyanya a Afrilun 2014. An kulle ta saboda korona daga 30 ga Maris na 2020 har sati biyar. A Maris na 2024 hatsaniya ta tashi a kasuwar Wuse aka ƙona shaguna da motoci. Ga rusau, ga kuɗin hayar shekara a dunƙule kafin ka ajiye turmi guda a kanta. In ka kwashe rabonka ka zuba shi a ɗaki ɗaya a Wuse, ɗaki ɗaya ne dai, sunan gari kawai ka sauya. Kuma za ka bar abin da ba ya shiga mota: matan da suka san shagonku tun suna 'yanmata, yau suke kawo 'ya'yansu haɗa lefe, da telolin da ke turo muku mutane, da sunan Alhaji mahaifinka. Abuja tana da amfaninta a wannan magana, zan dawo kanta, amma ba a matsayin mafaka ba.

Yanzu ga Alhaji, wanda shi ne ainihin wasiƙarka.

Ka tsaya ka duba abin da ka je masa da shi. Mutum ne da ya tsaya da safe yana kallon wahalar shekara da shekaru tana hayaƙi, ya koma gida ya haɗa ido da mahaifiyarka ba shi da na cefane, sannan ya sake gina abin da kai yanzu kake tsaye a kai. Sai ga yaron da ya goya ya zo yana koya masa gobara. Maganarka gaskiya ce, amma a kunnensa ta faɗo kamar ana ce masa sakacinsa ne ya jawo ta farko. Na yi shekaru ina riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi a garin nan, na zauna da dattawa da yawa irinsa. In suka ce a bar wa Allah, da gaske suke, imani ne wanda ya riƙe su ranar da ba abin da ya rage musu sai shi. Amma a ƙarƙashinsa akwai miki da ba sa so a fama. Zama a ƙirga kaya, a yi lissafin abin da za a rasa in wuta ta zo, komawa ne cikin wancan daren, shi kuwa ya sha alwashin ba zai koma ba.

Don haka kada ka sake zuwar masa da shawara. Ka je masa da tambaya. Ka nemi lokacin da ransa yake sake, bayan isha ko bayan an sauko Juma'a an ci abinci, ba a shago gaban yara ba. Ka fara ba shi haƙuri kan yadda ka kawo maganar rannan. Sannan ka ce: Baba, ni yaro ne lokacin, ban san yadda aka yi ka tashi ba, ina so in sani. Wa ya fara ba ka kaya? A ina ka fara kasa su? Cikin waɗanda kake bi bashi, su wa suka zo da ƙafarsu suka biya, su wa suka ɓace? Wata nawa ka yi kafin ka sake riƙe kuɗin ciniki? In ya saki jiki, sai ka yi masa ta ƙarshe: Baba, mene ne ka yi ta cewa a ranka ina ma a gida ya kwana a daren nan? Duk amsar da ya ba ka, ita ce shirin da kake nema, kuma daga bakinsa ta fito, ba daga naka ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ba wanda ya san yadda ake tashi bayan gobara a Terminus kamar wanda ya tashi.

Zan gaya maka abin da nake zaton za ka ji, don na ji shi daga baki da yawa. Akwai 'yan kasuwa biyu da na sani a wancan lokaci, jarinsu kusan ɗaya, layinsu ɗaya. Na farko littafin bashinsa da rasit ɗinsa da cinikin kwana uku duk suna cikin akwatin ƙarfe a shago. Akwatin bai narke ba, amma da aka buɗe toka ce a ciki. Waɗanda suke bin sa bashi ba wanda ya manta ko kwabo, waɗanda yake bi kuwa sai ƙalilan masu tsoron Allah suka waiwaye shi, saura kowa ya ce ai ya biya tuntuni. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya koma ga Allah. Na biyu yana da ɗabi'ar tafiya gida da littafinsa a aljihun babbar riga, don da dare yake son yin lissafi. Kayansa ma sun ƙone ƙurmus. Amma cikin sati biyu ya bi mutanensa gida-gida da shafi a buɗe, ya tattara abin da ya tattara, ya hau mota ya nufi Kantin Kwari. Ubangidansa na can ya ba shi dila bashi ba tare da takarda ba, saboda shekara goma sha suna hulɗa bai taɓa saɓa ranar biya ba. A kan tebur ya fara, a bakin titi. Abu biyu suka tashe shi, littafi da suna, kuma duka biyun ba su kwana a kasuwa ba.

Maganar tawakkali kuwa, kada ka zama kai ne mai ja wa mahaifinka aya. Hujjojin suna nan, ya fi ka sanin su. Annabi Yusuf ya sa an yi ajiyar hatsi shekara bakwai saboda shekarun fari. Annabi Yaƙub ya umarci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, a numfashi guda kuma ya shaida musu cewa hakan ba zai kare su daga hukuncin Allah ba, ka ga dabara da tawakkali a baki ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Ga hadisin mai raƙumi da aka ce ya ɗaure sannan ya dogara. In har ana buƙatar a tuna masa, ka samu malamin da yake jin maganarsa ko wani amininsa na kasuwa sa'ansa, su ambata a cikin hira. Abin da zai karɓa daga sa'a ba zai karɓa daga ɗa ba, haka Allah ya yi manya.

Kafin nan akwai aikin da ba ka buƙatar iznin kowa a kansa, kuma yau za ka fara, ba gobe ba. Littafin nan na durowa, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Daga yau kullum kafin ka ja ƙofa ka ɗauki hoton shafin ranar. Kada hoton ya tsaya a wayar kaɗai, waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa. Ka tura shi imel ɗinka ko Google Drive, sannan ka sayi littafi na biyu ka ajiye a gida, maiɗakinka ta riƙa kwafewa duk Juma'a. Wannan zai sa ta ga da idonta cewa ana wani abu game da tsoron da take ji.

Kada ka ga kamar ƙaramin abu ne. Maersk, kamfanin jiragen ruwan Denmark da kake ganin sunansa a jikin kwantenoni, a Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shiga kwamfutocinsa ta lalata dubbai a faɗin duniya. Tashoshinsa suka tsaya cik, manyan motoci suka yi layi a ƙofa ba mai iya cewa wace kwantena ce ta wa. Kundin da ke riƙe da mabuɗan shiga tsarin kamfanin yana da kwafi da yawa, amma duk a haɗe suke da juna, sai suka mutu tare. Guda ɗaya tak ya tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta a can kafin harin ya iso, na'urar ta yanke daga sauran. Ma'aikaci ya ɗauko faifan ya kawo shi Najeriya, wani ya karɓa ya wuce da shi Ingila, da shi aka sake tayar da kamfanin. Duk da haka asararsu ta kai wajen dala miliyan 300. Su Allah ne ya raba musu kwafi ɗaya da sauran ba da shirinsu ba. Kai ka raba naka da hannunka.

Rabin da yake kan Baba shi ne ya fi damuna, fiye da wutar ma. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, Allah ya ja da ran Alhaji ya ƙara masa lafiya. A abin da na gani da idona, shagunan da suka mutu saboda maigida ya kwanta ciwo ko ya rasu sun fi waɗanda wuta ta kashe. Wannan gobara ce marar hayaƙi. Banki yana samun labarin rasuwa zai rufe asusun da ke da sunan mamaci shi kaɗai, sai an kawo takardun kotu, abin da kan ɗauki watanni, alhali haya da masu bin bashi ba sa jira. Ubangidan da ke ba ku kaya a Kano muryar Alhaji kaɗai ya sani. Ga ajiyar mutane, don ba dattijon kasuwa da ba a ba shi ajiya: kuɗin adashin mata, kayan lefen da aka biya ba a ɗauka ba, kuɗin wani maraya. Duk wannan in ba a rubuce yake ba, nauyi ne a wuyansa ranar gobe, rigima ce a wuyanka a nan duniya. Ta nan za ka shigo masa, don dattijon da bai damu da asarar dukiyarsa ba yana damuwa da hakkin mutane. Ka ce masa kai ne magatakardansa. Shi ya faɗa, kai ka rubuta: suna, lamba, nawa ne, yaushe, a gaban wa.

Sai kalmar da ka yi amfani da ita, rabona. A rubuce yake? Wa ya shaida? In ba haka ba, ranar da aka zo rabon gado ƙannenka da matan gidan shagon Alhaji za su gani, ba za su ga naka a ciki ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba tunda ba su sani ba. Na ga zumuncin shekara arba'in ya watse a kan irin wannan. Ku rubuta abin da ka zuba da yadda ake raba riba, da shaidu biyu, ɗaya daga cikin 'yan'uwanka. Kariya ce gare su kamar yadda take gare ka. Daga baya, in Alhaji ya amince, ku ga lauya kan yi wa kasuwancin rajista a hukumar CAC a matsayin haɗin gwiwa ko kamfani, yadda asusun shago zai zama na shago, mutum biyu ke sa hannu. Ka duba kuma takardar hayar shagon, da sunan wa take, a ina take kwana.

Kaya kuwa, ka fara da naka. Ka gaya wa Baba cikin ladabi cewa kana so ka ajiye wani ɓangare na abin da ka zuba a gida ko a wani ɗan sito, kamar kashi ɗaya cikin uku. Dukiyarsa tasa ce, in ya ce a bar ta inda take ka bar ta. Siton kada ya zama a layinku ko bango ɗaya da kasuwa, kuma ya zama inda za ka iya kaiwa da ƙafa daga gida ranar da gari ya ɗauki zafi, ba sai ka ratsa inda ba a ratsawa ba. Ɗan Jos ne kai, ba sai na fayyace ba. Sana'arku tana da gata a nan, don yadi ba tumatirin Farin Gada ba ne da zai ruɓe a kwana uku, yayi ne kawai ke wuce shi. To a sito ka zuba wanda ba ruwansa da yayi, farar shadda, yadin makaranta, yadin maza marar ado, ka bar atamfar yayi da leshi a shago inda ido zai gan su. Ka ɗora su a kan katako saboda damshi da gara, ka riƙa juya su. A nan ne yayan maiɗakinka zai yi rana: in mai amana ne, ka riƙa tura masa turmi goma, ashirin, yana sayarwa a Abuja da riba a tsakani, komai a rubuce. Ka sami ƙofa ta biyu ba tare da ka rufe ta farko ba, in ta yi albarka ta girma da kanta.

Kuɗi ma haka. Ka tuna farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Masu tara tsaba a buhu suka shiga tasku, masu dogaro da tiransifa kaɗai su ma suka zauna suna kallon waya kuɗi ya fita bai iso ba. Wanda ya yi ciniki a watannin nan shi ne mai iya karɓa ta hanya uku. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta rikice. Ranar 3 ga Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci har naira miliyan 5, kuma waɗanda suka fara ganin kuɗinsu su ne masu asusu a wani banki da ke ɗaure da BVN ɗinsu. Don haka banki biyu, layin waya biyu na kamfani daban-daban, da 'yar tsaba a gida. Cinikin rana kada ya kwana a durowa ko da dare ɗaya.

Ka zauna ka lissafa abin da gida da shago ke ci a wata in ba a sayar da ko ƙyalle ba: haya, albashin yara, cefane, makaranta, magani. Ka nufi tara na wata uku, a hankali, ko da shekara za ka yi kana tarawa. Ba na ce ka tara fiye da haka a naira ba, tunda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗin da ke kwance narkewa yake. Sauran ajiyarka kayan sito ne. Kuma kuɗin nan ba na ranta ba ne, ba na biki ba ne, ba na saro kayan Sallah ba ne ko da an ce maka ribi biyu za a ci. Wurin nan ne mutane suke faɗuwa, na sha gani.

Wurin sari, kada ku saki ubangidan Alhaji, irin wannan hulɗa ita ce dukiyar da na ce ba ta ƙonewa. Amma shi ma mutum ne a cikin kasuwa. Kwari ta sha ambaliya a daminar 2022, ruwa ya shiga shaguna ya ɓata kaya. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma ka san hanyoyin da yawancin yadin kasuwa ke bi. Ka nemi mutum na biyu ka riƙa sayen kaɗan a hannunsa kana biya a kan lokaci, ya san fuskarka tun ana lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai ma ka riƙa bin Alhaji Kano, ubangidan ya saba da kai.

Inshora ka bar ta a ƙarshe, don kalmar kanta tana tayar wa dattawanmu hankali saboda shubuhar riba. Akwai takaful, wanda aka gina a kan taimakekeniya: kowa ya ba da gudummawa a asusu ɗaya, wanda masifa ta samu a biya shi daga ciki, in an yi rara a raba wa mahalarta. Akwai kamfanonin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisin yin sa a ƙasar nan, ka tabbatar da lasisin kafin ka ba kowa sisi. Ka sa a karanta maka takardar kalma-kalma. Lamunin gobara zalla ba lalle ya haɗa da ƙone-ƙonen tarzoma ko ambaliya ba sai an ƙara su, a Jos kuwa wannan ne wurin tambaya. In ka faɗi darajar kaya ƙasa da gaskiya don gudummawar ta yi sauƙi, ranar biya su ma gwargwadon haka za su rage maka. Kuma ba za su biya abin da ba ka iya nunawa a rubuce ba, ka ga mun sake komawa kan littafi.

Ita wutar kanta, rigakafinta sananne ne, yi ne ba a yi. A kashe babban makunni kafin a rufe, don wutar da ake kawowa tsakar dare ba kowa a kusa ita ce abar tsoro, balle da hunturu. A kira mai gyaran wuta na ƙwarai ya duba wayoyin da aka yi ta jonawa shekara da shekaru. Fetur ɗin janareta kada ya kwana cikin yadi, batirin sola ma kada a jingina masa kaya. Ka sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, ka koya wa yaran shago yadda ake zare sakatarta, ka gaya musu ba a watsa wa wutar lantarki ruwa. Amma bangonku ɗaya da maƙwabta, naka gyaran shi kaɗai ba zai wadatar ba. Yanzu da abin yake sabo a zukata, ku 'yan layi ku zauna: a buɗe hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi wadda tebura suka toshe, a ƙara wa maigadi haƙƙinsa, kowa ya riƙe lambar kowa. Kowa nake nufi, Musulmi da Kirista. Na san shagunan da maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba ne ya tsare su a ranakun da mai shago bai isa ya taka wurin ba, kuma kun fi kowa sanin cewa cinikin Kirsimeti yana riƙe ku kamar yadda na Sallah ke yi.

Lambobin masu sayayya ma ka tattara su, ka ajiye kwafi a gida. Lokacin kulle, waɗanda suka ci gaba da ganin kuɗi su ne masu ɗora hoton atamfa a WhatsApp suna aikawa da kaya unguwa-unguwa. In shago ya rufu, saƙo guda da zai ce wa mutum ɗari uku ga inda muke yanzu ya fi fentin sabon allo.

In ka haɗa waɗannan, ka gwada su. Ka zaɓi wata ranar da kasuwa ba ta cika ba, ka ɗauka a ranka ba shago, ba durowa, Alhaji ba ya kusa. Daga gida, da abin da ke gida, za ka iya sanin wa kake bi, wa ke bin ka, ka sayar da turmi biyar, ka karɓi kuɗi, ka kira Kano a ɗauka? Duk inda ka cije, nan ne aikin wata mai zuwa.

Rashin barcin nan ina sa ran zai ragu da zarar hannunka ya kama aiki, don rabin abin da ke hana ka runtsawa shi ne ganin haɗari ba ka iya yin komai. Amma yaron firamare da ya ga mahaifinsa ya dawo gida hannu wofi yana nan a cikinka, kuma daren nan ya tashe shi. In ka ƙara sati biyu ko uku a haka, ko kana firgita, ko zuciya na bugawa in ka ji ƙaurin hayaƙi, ka je ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Maiɗakinka kuma kada ka ce mata a'a kawai. Ka zaunar da ita ka nuna mata abin da za ka yi wata-wata, ka ba ta littafin gida a hannunta, ka ce mata bayan shekara guda ku sake duba maganar Abuja tare, da lissafi a gabanku.

Ka gaishe mini da Alhaji da kyau. In ya ba ka labarin yadda ya tashi, ka sake rubuto mini, ina so in ji wane ne ya fara ba shi kaya, da abin da ya ce ya so a ce a gida ya kwana.